Hucin da Na Ji a Ƙirjin Ɗan Kanti

Daga Runka, ranar Laraba bayan la'asar.

Assalamu alaikum wa rahmatullahi. Gaisuwa mai yawa zuwa gare ka, da fatan ka sauka Funtuwa lafiya, ka iske baffanka Malam Bello da iyalinsa cikin ƙoshin lafiya. Allah ya huce gajiya, ya tsare ka daga sharrin ƙarfe da sharrin mutum, ya sa ƙafarka ta taka alheri duk inda ka nufa. Ka gaishe mini da baffanka, ka ce ina roƙonsa kada ya sa ka a motar Ikko sai ka karanta wannan takarda har ƙarshenta. Iro direba na ba, ya yi mini alkawarin zai sa ta a hannunka kafin Juma'a.

Ka san ni ba marubuci ba ne. Ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci bai wuce na karanta sunan gari a goshin mota ba. In ka ga layi ya karkace ka yi haƙuri, ka bi shi a hankali.

Shekaranjiya ka tsaya a ƙofar gida da jakarka, ka ce za ka Ikko dakon siminti a bakin ruwa, inda aka ce jirage sun yi layi ba masu sauke su. Ka ce, "Baba, tunda ba ni da amfani a gidan nan, zan je inda ake sayen ƙarfi." Ni kuwa na ce Allah ya kiyaye hanya, na juya na shige garke kamar wata saniya ce ke kirana. Abin da ya kamata in faɗa maka a wurin shi ne wannan: zuciyarka ba za ta ɗauki buhun siminti ba. Likita ne ya gaya mini kana ɗan shekara tara, na haɗiye maganar shekara goma sha ɗaya. Ina tsoron in ka sa kafaɗa a ƙarƙashin buhunan nan, labarinka kawai za a kawo mana.

Na san yanzu ranka ya ɓaci. Samu wuri ka zauna. Ba zan iya ba ka labarin nan kai tsaye ba, sai na bi ta kan karen nan da ka fi kowa so, Ɗan Kanti.

Kana tuna shekarar da na kawo shi, kana ɗan sha huɗu. Fari ya wuce, shanun da suka tsira sun yi daraja, kuɗin mai ya cika birane, kowa na son nama. Na bi fatake da bijimai uku zuwa Kaduna, na fito daga kasuwa aljihu da nauyi. Abokan tafiyata masu hankali suka sayi rediyo, wani keke, wani agogo. Ni kuwa na shiga kantin wani Kwara, irin Larabawan nan masu kantuna, don in sha sanyin fanka, sai ga keji a lungu, tsakanin gwangwanayen madara da barguna, da 'yan kwikwiyo uku irin karnukan 'yan sanda, kunnuwa a tsaye. Yaron kantin ya ce in sun girma kura ma kauce musu take yi. A lokacin kura ta ɗauke mana maraƙi, kuma Tanko sarkin dawa ya sha yi mini ba'a a gaban maharba cewa karena ba ya iya kamun ko ɓera. Wallahi ba maraƙin ne ya tsaya mini a rai ba, dariyar Tanko ce. Na zaɓi mafi kyawu, wanda ya fi sauran natsuwa. Ban tambayi me ya sa 'yan'uwansa ke tsalle shi yana kwance ba. Na ɗauka halin manya ne.

Ka san a wajenmu ba a sayen kare. Roƙonsa ake yi wurin wanda karyarsa ta haihu, a kai goro, a san uwarsa, a san ubansa, a san ko zuri'ar masu gudu ce. Da na sauko daga mota da kwikwiyo a cikin kwali, Runka gaba ɗaya ta fito kallo. Liman ya girgiza kai ya ce, "Malam Sule, kuɗin kare ba su da albarka, ga mai saye da mai sayarwa." Yara suka sa masa suna Ɗan Kanti, sunan ya bi shi. Ni kuwa sai ƙara hura hanci nake, ina cewa ku jira bazara ku gani.

Wannan ne kuskurena na farko. A Ikko za ka ga kantuna da suka fi na Kaduna, kuma za ka sami masu yi maka dariyar ɗan ƙauye. Kada ka sayi komai don toshe bakin wani, kada kuma ka ɗauki wani aiki don wannan. Kuma duk abin da ka ga ya yi shiru cikin 'yan'uwansa, ka tambayi dalili kafin ka yaba masa.

Ya girma da kyau, ba ƙarya. Amma in kun yi ɗan guje-guje da shi a bayan gida, sai ya nemi gindin rumbu ya kwanta yana haki, wani lokaci da ɗan tari busasshe. Kai ka ce mini, "Baba, karen nan yana saurin gajiya." Na ce zafin ƙasarmu ne, ai ɗan Turai ne.

Da malamin dabbobi ya zo daga Dutsin-ma yi wa shanu allurar rigakafi, na jawo karen don in yi masa burga. Mutumin ya shafa shi, ya ɗaga leɓensa ya dubi dasashi, sai ya ciro robar nan ta sauraren ƙirji ya ɗora masa a haƙarƙari. Ya daɗe yana saurare. Sannan ya ja ni gefe, bayan turken bijimi, inda ba kowa.

"Malam, ina ka samo shi?"

Na ce Kaduna, a kanti.

Ya ce, "An haife shi da ciwo. Zuciya tana da ƙofofi, tasa ɗaya ba ta rufuwa sosai, jini na komawa baya. Wasu 'yan kwikwiyon in sun girma abin yakan ɓace, amma wannan ya wuce lokacin. Ungo, ji da kunnenka."

Ya sa mini robar a kunne. Tsakanin bugu da bugu akwai wani huci, shuu, shuu, kamar zugazugin maƙeri da ya huje. Na cire robar, na tsura wa karen ido. Mutumin ya zaci kuɗina nake tunawa, har yana ba ni haƙuri. Bai san na taɓa jin wannan hucin ba, shekara biyar kafin ranar, a ƙirjinka.

Ba lalle ka tuna sosai ba. Ciwon maƙogwaro ya fara kama ka, bayan ya lafa zazzaɓi ya biyo, gwiwoyinka da idon sawunka suka kumbura har ba ka iya takawa. An yi jiƙo, an yi rubutu, abin sai gaba. Kai ɗan farina ne, kuma ka san fulako: uba ba ya ɗaukar ɗan fari, ba ya kiran sunansa, ba ya nuna ya damu ko da ciki na ƙuna. Ina wucewa ta ƙofar ɗakin kakarka, inda kake kwance, ina kallon wani wuri. Sai da tsohuwar nan, Allah ya jiƙanta, ta rantse in ban kai ka asibiti ba za ta goya ka ta taka har Katsina da ƙafarta, sannan na ɗauke ka. A can wani likita Ba'indiye ya saurari ƙirjinka, ya sa mini robar a kunne, ya yi magana ta bakin tafinta. Ya ce zazzaɓin ya taɓa ƙofar zuciya. Ya ce za ka rayu, za ka yi aure, za ka tsufa in Allah ya yarda, da sharaɗi biyu: allura duk wata a asibitin sha-ka-tafi don kada zazzaɓin ya dawo ya ƙara ɓarna, kuma ban da aikin da ke sa mutum haki mai tsanani. Ya rubuta a wani jan kati ya ba ni.

Sau uku na kai ka Safana a bayan keke aka yi maka allurar. A na ukun ranar kasuwa ce. Muna wucewa ta wajen 'yan shanu wani ya ɗaga murya ya ce, "Jama'a ku zo ku ga Bafillatanin da ke goyon ɗan fari!" Aka fashe da dariya. Ba wani mugun abu ya nufa ba, abokin wasa ne, Babarbare mai sayar da kanwa. Amma daga ranar ban ƙara kai ka ba. Na gaya wa mahaifiyarka da kakarka likita ya ce an gama. Na kuma ce wa kaina in aka ji kana da ciwon zuciya ba mai ba ka 'yarsa, wai ni nan asiri nake rufa maka.

Ka ji kuskure na biyu, shi ne mafi muni. Kunya abu ne mai kyau, da ita muka tashi, ban ce ka yar da ita ba. Amma duk ranar da kunya ta tsaya tsakaninka da ran wani, ka ture ta ka wuce. Masu dariyar kasuwa kafin la'asar sun manta da abin da suka yi wa dariya, ni kuwa ga shi ina biya har yau, da jikinka.

Mu koma kan karen. Malamin dabbobin ya yi mini bayani dalla-dalla. Ya ce a bar shi gadin gida da garke, haushinsa kaɗai ya isa korar kura. Kada ya yi gudu mai nisa, musamman da rana tsaka. A sa masa ruwa kullum a inuwa, a rage masa gishiri, kada a bari ya yi ƙiba. In tarin ya yawaita, ko ciki ya kumbura, ko harshe ya canza launi, in kai shi Dutsin-ma akwai ƙwayoyin da za su taimaka. Ya ce, "In ka kiyaye, zai iya yi maka shekaru. In ka kai shi farauta, ka ɗauki fartanya ka tafi da ita."

Na yi godiya, na ba shi nono a ƙwarya. Ban gaya wa kowa ba. Yaya zan tsaya gaban Tanko in ce karen da na yi wata shida ina yi wa kirari, mai ciwo ne? Wata takwas ina kaucewa. In an fita farauta in ce bai gama girma ba, ko ƙaya ta soke shi. A ɓoye kuwa ina kula da shi fiye da yadda na taɓa kula da kai. Da azahar in kowa ya shige ɗaki, nakan durƙusa a gindin rumbu in ɗora kunnena a haƙarƙarinsa in ji ko hucin ya ragu, sannan in tashi in wanke jikina in yi alwala. Bai taɓa raguwa ba.

Sai bazara ta zo, aka yi shelar farautar gayya a dajin Rugu, mu da mutanen Tsaskiya da na Babban Duhu. Maharba suka taru a bakin gari da sassafe, ana kaɗa ganga, karnuka na ta ɗoki. Tanko ya dube ni a gaban baƙi ya ce, "Malam Sule, yau ma Ɗan Kanti yana hutun Turawa ne? Ko sai an kawo masa shayi?" Jama'a suka yi dariya. Kai kuma kana gefe riƙe da igiyarsa, idonka na roƙona, don ka gaji da ba'ar da yara ke yi maka a kansa. Na karɓi igiyar na ce mu je. Na san abin da nake yi, ba mantuwa na yi ba.

Rana ta take sosai lokacin da aka tayar da gada. Karnukan gida suka bi ta, shi ma na sake shi. Kai shaida ne, ban taɓa ganin gudu irin wannan ba. Ya wuce su duka kamar suna tsaye, har Tanko ya ɗaga sanda yana ihu. Na ji daɗi, Allah ya gafarta mini, na ji daɗi ƙwarai. Saura kaɗan ya cim mata sai ƙafafunsa na gaba suka lanƙwashe, ya kife. Ya miƙe, ya yi taku uku ko huɗu wajen da gadar ta bi, ya sake faɗuwa.

Na riga kowa isa. Harshensa ya yi baƙi-baƙi, kumfa na fita ta hanci, yana kallona yana kaɗa wutsiya a hankali kamar mai ba da haƙuri don bai kamo ba. Na saɓa shi a kafaɗa kamar maraƙi, ban damu da yawunsa a rigata ba, na kai shi gindin wata kanya. Na zuba masa ruwan gorata, na yi ta kiran sunansa. Na sa kunne a ƙirjinsa. Hucin ne kawai ya rage, bugun ya ɓace a cikinsa, can shi ma ya tsaya.

Da mutane suka iso na ce maciji ne. Kowa ya yarda, ana ta yi mini jaje, Tanko ma ya ce bai taɓa ganin kare irinsa ba. Kai kaɗai ne ka durƙusa kana juya ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ka ɗago ka ce, "Baba, ina wurin sarar?" Na daka maka tsawa na ce ka tona rami ka rufe mana baki. Da adda ka tona, kana kuka ba sauti. Yau na ba ka amsar tambayarka: babu sara, ni na kashe shi. An gaya mini abin da zai iya da wanda ba zai iya ba, na sake shi don a daina yi mini dariya.

Kada ka yi ƙarya don rufe kuskure, ko da kowa zai yarda. Tawa ta karɓu a wurin maharba sama da hamsin, amma ban ƙara fita farauta ba tun ranar, kuma har yau in zan je Tsaskiya nakan yi zagaye don kada in ga kanyar nan.

Hausawa na cewa gani ga wane ya ishi wane tsoron Allah. Ni tsoron na ji, gyaran ne ban yi ba. Da mai hankali ne, da washegari na kira ka na zaunar da kai na faɗa maka komai, na mai da kai wurin allura. Sai na zaɓi in tsare ka ba tare da na buɗe baki ba. Na hana ka bin shanu kudu da rani, na tura ƙanenka Sani. Ranar gayyar noma na aike ka kasuwa sayen gishiri. Da samari suka sa sunanka a kokawar bayan girbi, na ce ɗana ba ya wasan banza. Duk lokacin da ka ɗora hannu a kan buhun gero sai in ce, "Kai, bar shi, ba za ka iya ba." Ban taɓa tsayawa na ji yadda kalmar nan ke sauka a kunnen saurayi ba. Na ga kana ja da baya daga gare ni, na ga yadda kake kallon Sani in na yaba masa, na ce ai alkunya ce tsakanin uba da ɗan fari. Ashe kai raini kake karantawa, har ka yanke cewa sai ka je ƙarshen ƙasa ka ɗauki abin da ya fi buhun gero nauyi don in san kai namiji ne. Ban taɓa ganin ka rago ba, ko sau ɗaya. Nakan lura da kai in ka hau tudun rijiya, yadda kake tsayawa kamar kana gyara igiyar guga alhali numfashi kake mayarwa.

In Allah ya ba ka iyali, kada ka tsare mutum a ɓoye. Ka gaya masa abin da kake tsare shi daga gare shi, ka bar shi ya taya ka.

Jiya da safe na gaya wa mahaifiyarka. Tana tatsar nono ne, na tsaya a kanta na faɗa mata tun daga likitan Katsina har kanyar Rugu. Ba ta ɗago ba sai da na gama. Ta ajiye ƙwaryar a hankali, ta ce, "Malam, ashe kare ka yi wa kuka, ɗana ka yi wa shiru." Shekara ashirin da ɗaya muna tare, ban taɓa jin ta ce maka "ɗana" ba sai jiya. Tun lokacin ba ta ƙara yi mini magana ba, tuwo ma Sani ta ba ya kawo mini. Tana da gaskiya.

Ga abin da nake roƙonka. A cikin ambulan nan akwai jan katin da likitan ya ba ni. A gafakar Alƙur'anina ya kwana duk shekarun nan, gefensa ya ɗan cinye amma rubutun na nan. Ka nuna wa baffanka, ku hau mota zuwa babban asibitin Zariya, a saurari ƙirjinka. Ka gaya musu gaskiya, cewa allura uku kawai aka yi maka, laifin ubanka ne. Ban san irin ɓarnar da shekarun nan suka yi ba, wataƙila kaɗan ce, wataƙila ba kaɗan ba, kuma wannan rashin sanin shi ke hana ni cin abinci. Duk abin da suka ce ka bi shi. In kunne ya ji, jiki ya tsira. In bayan nan har yanzu ranka na son Ikko, ban hana ka ba, akwai aikin da ba na dako ba, ka fi ni boko nesa ba kusa ba. In kuma ba ka son ganin fuskata, ka zauna wurin baffanka, ba zan ga laifinka ba. Ban rubuto don ka yafe mini ba. In ka yafe na gode, in ba ka yafe ba ka je asibitin da fushinka.

Saura abu ɗaya. Sunan mahaifina aka sa maka, ga shi kai ɗan fari ne, don haka tun ranar suna bakina bai taɓa furta shi ba. "Kai" nake ce maka, ko "yaron nan", mutane kuma su ce Sanda. Karen kanti kuwa na kira sunansa sau dubu, na kira shi da ƙarfi a gaban kowa a gindin kanya, lokacin da kiran ba shi da sauran amfani. Ba zan jira irin wannan lokacin ba. Ga shi na rubuta.

Umaru. Umaru, ɗana, kada ka hau motar nan.

Allah ya tsare ka a zaune da tafe, ya ba ka lafiya mai ɗorewa, ya haɗa ka da likita mai tausayi, ya sa kai za ka binne ni ba ni zan binne ka ba. Sani da ƙannenka mata suna gaishe ka. Mahaifiyarka ba ta ba ni saƙo ba, amma na ga ta ba Iro direba ƙullin man shanu da dakkere, ka karɓa. Ka gaishe da baffanka da mutanen gidansa baki ɗaya. Kullum in motar Funtuwa ta shigo zan kasance a tasha, ko da layi ɗaya ne ka aiko.

Wassalamu alaikum.

Ni ne mahaifinka,
Sule.